Yadda Iyaye Za Su Auna Ci Gaban Yaro Mai Koyon Kiɗa Gwargwadon Shekarunsa

Yaron da ke tasowa a garin Gombe a yau yana iya haɗuwa da koyon kiɗa ta ƙofofi da yawa. Manhajar firamare da ta ƙaramar sakandare ta sanya kiɗa da waƙa cikin darasin al'adu da fasaha, wasu makarantun kuɗi kuma suna ƙarawa da malamin piyano ko na jita bayan an tashi, da kuɗinsa na daban. A majami'u akwai ƙungiyoyin mawaƙa na yara da 'yan birget masu ganga da bigila, a wasu makarantun Islamiyya ana koyar da ƙasidu, wani lokaci har da mandiri idan Maulidi ya gabato, sannan har yanzu akwai gidajen gado inda yaro ke buɗe ido ya tarar da kalangu a rataye a zaure. Kowane gida da iyakar da ya shata wa kansa a kan wannan al'amari, akwai masu yarda da murya kaɗai, akwai waɗanda ba su yarda da komai ba, kuma ba wannan zan tattauna ba. Maganata da iyayen da suka riga suka sa yaro ne, suka biya kuɗi, ga ofis ko kasuwa na cinye musu yini, sai bayan wata uku su ce ya buga musu wani abu ya kasa, hankalinsu ya tashi: shin yaron ne ba shi da baiwa, ko malamin ne ba ya aikinsa, ko kuwa su ne suka gaza tsayawa a kansa?

Sau da yawa ba ko ɗaya daga cikin ukun nan ba ne. Abin da ya fi faruwa shi ne ana neman a wurin ɗan shekara 5 abin da sai ɗan shekara 9 ke iyawa, musamman yanzu da waya ke kawo mana bidiyon wani yaro a wata ƙasa yana zuba kiɗa kamar babba, ba tare da an nuna mana sa'o'in da ake ɗauka kullum ana horar da shi ba, balle dubban tsararsa da ba wanda ya ɗauke su a hoto domin tafiyarsu irin ta kowa ce. Koyon kiɗa yana da jeri, kuma girman jikin yaro ne ya tsara shi: kunne ne ke fara kamawa, hannu ya biyo baya a hankali, karatun alamomin kiɗa a takarda ya zo daga ƙarshe. Duk wanda ya riƙe wannan jeri zai iya gane ko yaronsa na ci gaba, ko da shi kansa bai taɓa buga ganga ba.

Kafin shekara 6

Ɗan shekara 3 zuwa 5 ba ya buƙatar kayan kiɗa mai tsada, kuma bai kamata a sa rai zai zauna rabin sa'a a gaban malami yana bin umarni ba. Hankalinsa na 'yan mintuna ne kawai yake tsayawa a kan abu guda, yatsunsa kuma ba su gama ƙwari ba, shi ya sa har yanzu yake fama da riƙon fensir da ɓalla maɓallin riga. Abin da ake nema a wannan mataki kaɗan ne, amma a kansa komai zai tsaya: ya iya tafi daidai da bugun waƙa ba ya riga ba ya makara, ya iya mayar da gajeren amshi idan an ba shi, ya bambanta sauti mai ƙarfi da na hankali, mai sauri da mai nawa, siririyar murya da kakkaura. Idan yana rerawa muryarsa tana kauce wa karin waƙar, wannan ba alamar rashin baiwa ba ce, domin muryar ƙaramin yaro sautuka kaɗan take iya kaiwa, kuma yara da yawa sai sun kai shekara 6 ko 7 suke iya daidaita ta.

Abin da na fi so iyaye su lura da shi shi ne gidan Bahaushe ya daɗe yana ba da wannan darasi kyauta. Jariri yana jin bugu tun yana goye, daga waƙar reno da jijjigar da ake yi masa, da luguden mata a bakin turmi inda taɓarya biyu ko uku ke shiga da fita ba tare da sun yi karo ba. Yarinyar da ta yi gaɗa a dandali ta riga ta koyi abubuwa uku da malamin piyano kan yi watanni yana fafutikar dasawa: riƙe bugu da tafi, jiran lokacin shigarta a amshi, da sauraron 'yan'uwanta yayin da take rera nata. Haka yaran da suka yi tashe da azumi. Matsalar ita ce a unguwanni irin su Tunfure da sauran sabbin gine-gine kowane gida da katangarsa da ƙofarsa a kulle, dandalin ya ɓace, talabijin da waya sun maye gurbinsa. Saboda haka aikin farko na uwa ko uba mai ƙarancin lokaci shi ne a dawo da waƙa cikin gida da bakin mutum. A rera wa yaro lokacin wanka ko a hanyar makaranta, a ba shi amshi, a bar kaka ko gwaggo ta koya masa waɗanda ta tashi da su. Minti biyar na irin wannan ya fi sa'a guda ta kallon waƙoƙi a waya, domin waya ba ta jiran yaro ya amsa.

Wannan ba ra'ayin gargajiya ba ne kawai. Masanin kiɗan ƙasar Hangari, Zoltan Kodaly, wanda ya rasu a 1967, ya gina tsarin koyarwarsa a kan cewa yaro ya fara da muryarsa da waƙoƙin gargajiya na harshen da ya tashi da shi kafin a damƙa masa wani kayan kiɗa. Shinichi Suzuki na Japan kuwa, wanda ya rasu a 1998, ya shahara da fara koya wa 'yan shekara 3 ko 4 gogen Turawa ɗan ƙarami, ta hanyar sauraro da kwaikwayo kamar yadda ake koyon magana, kuma da sunansa ne masu son a fara da wuri suke kafa hujja. Sai dai akwai sharaɗin da ba a cika faɗa wa iyaye ba: a tsarin Suzuki uwa ko uba na zama a cikin kowane darasi, ya lura da abin da aka koyar, sannan shi ne malamin gida kowace rana. Malamin da ya ce zai koya wa ɗan shekara 4 piyano alhali mai keke ne ke kawo shi ya komo ya ɗauke shi, iyaye na wurin aiki, ya ɗauki rabin tsarin ne ya bar rabin da ke sa shi aiki. Idan kun san ba za ku sami wannan zama ba, ku jinkirta kayan kiɗa zuwa shekara 6 ko 7 da zuciya ɗaya. Masu gaggawa sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne, amma ɗan shekara 7 ɗanye ne sharaf, ga shi ya san haruffa da ƙirga, ya san dama da hagu, abin da ƙanensa zai yi shekara yana lalube shi yakan kama shi cikin 'yan watanni.

Daga 6 zuwa 8, lokacin da hannu ke shigowa

Nan ne mafi yawan yara suke iya fara darasi na sosai, kuma nan ne iyaye suka fi shiga damuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Darasin rabin sa'a sau ɗaya a mako ya wadatar, da bita a gida ta minti 10 zuwa 15 a yawancin ranaku. Wanda ya ce a biya kuɗin sa'a biyu ga ɗan aji biyu na firamare, a tambaye shi me yaron zai riƙa yi a sa'a ta biyu.

A piyano ko kibod, zangon karatu na farko yakan ƙare ne a kan zama daidai, lanƙwasa yatsu, sanin lambar kowane yatsa, da gano sautuka a cikin jerin maɓallai farare da baƙaƙe. Yaron da bayan wata uku yake buga gajerun waƙoƙi da yatsu biyar na hannu ɗaya, ba ya tsayawa a tsakiya, yana kan hanya. Haɗa hannu biyu kowanne na yin nasa daban shi ne tsauni na farko, yakan ɗauki watanni, kuma a nan ne yara da yawa suke fara cewa sun gaji, domin waƙar da hannun dama ya iya sarai sai ta wargaje da zarar na hagu ya shigo. Kada a ɗauka ya koma baya. Haka kuma kada a sa rai tafin hannunsa zai buɗe ya kai tazarar farare takwas da ke tsakanin sautin do (na farko a jerin do, re, mi) da do na gaba, wannan sai ƙashi ya ƙara tsawo, tilasta shi kuwa ciwon wuyan hannu yake jawowa. Cikakken piyano maɓallai 88 gare shi, amma kibod mai 61 ya isa shekarun farko, muddin maɓallansa masu cikakken faɗi ne, ba irin na wasan yara da ake sayarwa tare da 'yar tsana ba. Idan aljihu ya ba da dama, a nemi wanda sautinsa ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon ƙarfin dannawa. In ana iya aro ko haya na zango guda kafin a saya, ya fi.

Jita tana da nata cikas. Tsirkiyar ƙarfe tana cin kan yatsa har sai fata ta yi kanta, babbar jita kuma ta fi ƙarfin hannun ɗan shekara 7, don haka a nemi mai rabin girma ko mai kashi uku cikin huɗu, mai tsirkiyar roba. Sarewar roba mai ramuka takwas ita ce mafi arha kuma mafi sauƙin farawa da zarar yatsu sun iya toshe ramukan ruf, sai dai gidan zai yi haƙuri da ƙararta na makonnin farko. Bigila da sauran kayan busa na ƙarfe kuwa a dakata har yaro ya gama famfarar haƙoran gaba, sabbin su fito su zauna, domin a kansu bakin kayan ke jingina. Haƙoran gaba kan sauya ne tsakanin shekara 6 da 8, shi ya sa a ƙungiyar badujala ta makaranta ko ta birget ƙanana ganga ake ba su, busa sai sun ƙara tasawa.

Makaɗan gado sun san wannan jeri tun kafin a rubuta shi a littafi. Kalangu kayan kiɗa ne mai wahala, domin makaɗi na matse tsirkiyoyinsa a hammata yana sakewa don sautin ya hau ya sauka yadda muryar mai magana da Hausa ke hawa da sauka, abin da ke buƙatar ƙarfin damtse da kunnen da ya nuna. Saboda haka ɗan makaɗi yakan fara ne da bin ubansa wurin biki yana ɗaukar kaya, ya shiga amshi, sannan a ba shi ƙaramar ganga irin kuntuku ya riƙe bugu guda ba sauyi, ya daɗe a haka kafin a yarda ya rataya babban kalangu. Ba wanda ke cewa ya makara. Idan ɗanku ya yi zango guda malamin ganga na sa shi maimaita bugu ɗaya ko biyu, ku saurara ku ji ko bugun na tafiya daidai ba ya gudu ba ya ja, domin shi ne abin da ake koya masa.

Karatun alamomi a wannan mataki a hankali yake shigowa. Ƙungiyoyin mawaƙa a majami'un ƙasar nan sun daɗe suna amfani da do, re, mi a rubuce, wanda ya fi sauƙin kamawa. Rubutun kiɗa na Turawa da ake ɗora alamomi a kan layuka biyar kuwa sabon karatu ne sukutum, mai piyano ma jeri biyu yake karantawa a lokaci guda, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Yaron da har yanzu yake haɗa baƙi da wasali a karatun boko ba laifinsa ba ne idan ya fi son ya haddace waƙa da kunne.

Manya-manyan yara

Daga shekara 9 zuwa 12 abubuwa kan sauƙaƙa. Yaro na iya bita shi kaɗai ta minti 20 zuwa 30, ya karanta abin da aka rubuta masa, ya gane kuskurensa da kansa, kuma wanda ya fara a wannan shekarun bai makara ba ko kaɗan. Abin lura shi ne shekarar aji shida da jarrabawar shiga sakandare, da kuma aji uku na ƙaramar sakandare: a rage bita a waɗannan lokuta, kada a yanke ta gaba ɗaya. Namiji mai waƙa muryarsa za ta fara fashewa wajen shekara 12 zuwa 15, sautukan da yake kaiwa jiya su gagare shi yau. A gaya masa tun da wuri cewa haka kowa ya yi, a roƙi malaminsa kada ya tilasta masa sautukan sama, kuma a hana 'yan gida yi masa dariya, domin yara maza da yawa a nan suke barin waƙa har abada. Daga wannan shekarun kuma zaɓin kayan kiɗa da irin waƙar da zai koya ya kamata ya zama da bakinsa a ciki.

Inda za a sami lokacin

Mu dubi yinin yaro a Pantami ko Jekadafari ko Bolari. Ya fita boko da sassafe, ya dawo bayan azahar, ya ci abinci, ya tafi Islamiyya da la'asar ko malamin lesin ya zo, magariba ta yi, ga aikin gida na makaranta, ga aike. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar yaro ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Bitar kiɗa ba ta isa a yanko ta daga barci ko daga wasa ba. Idan an duba jadawalin yaro ba a sami minti 10 ba sai an taɓa waɗannan, to jadawalin ne ya yi yawa, sai a zauna a yanke shawarar abin da za a sauke.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a liƙa bitar a jikin wani abu da ba ya tashi kullum, misali da zarar an gama karin kumallo kafin a sa takalmi, ko bayan wankan yamma, ta yadda ba sai an yi ciniki da yaro kowace rana ba. Minti 10 sau biyar a mako ya fi sa'a guda ranar Asabar nesa ba kusa ba, domin hannu da maimaici na yau da gobe yake koyo, abin da aka yi yau barcin dare ke zaunar da shi. Darasin mako kuwa a sa shi ranar da yaro ya fi sarari, Alhamis ko Juma'a ga masu hutun makarantar allo, ko safiyar Asabar. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maƙura, kada a sa darasi da tsakar rana, kuma da azumi babba ma ƙarfinsa raguwa yake yi balle yaron da ke gwada nasa. Ɗauke wuta ba hujjar fashin bita ba ce. Kibod da yawa suna aiki da batir, in ma babu, yaro na iya tafa bugun waƙar, ya rera sautukanta, ya yi tafiyar yatsunsa a kan tebur. Da hunturu a riƙa rufe kibod da zane saboda ƙura, mai busa kuma a shafa masa mai a leɓe don kada ya tsage.

Ba sai kun san kiɗa ba kafin ku taimaka. A sayi ƙaramin littafi a roƙi malami ya riƙa rubuta abu biyu ko uku da yake so a maimaita a makon, a fili, kamar layi na biyu da hannun hagu sau biyar a hankali. Kalmar a je a yi bita kawai ba ta gaya wa ɗan shekara 7 komai, abin da zai yi shi ne ya buga farkon waƙar da ya riga ya iya, ya tsere wa wurin da ke ba shi wahala. Uwa na iya sauraro daga madafa, ta ce, “Zo ka koya mini abin da Malam ya nuna maka yau,” domin yaron da ya iya koyar da abu ya fahimce shi. Uban da ba ya dawowa sai dare ya nemi a ɗaukar masa minti ɗaya a waya. Ina ba da shawarar a adana irin wannan ɗauka ta farkon kowane wata, domin kunnen da ke jin yaro kullum ba ya lura da ci gabansa, sai an jera ta watan Janairu da ta Afrilu sannan bambancin ke fitowa, shi kansa yaron ya ji ya ƙara ƙaimi. Yabo kuma ya zama a kan abin da ya yi: “Yau ba ka tsaya a wurin nan mai wuya ba.” A guji auna shi da yayarsa ko ɗan maƙwabci, balle ɗan ɗakin kishiya, domin da zarar kiɗa ya zama fagen gasar gida yaron da aka kayar ba zai ƙara son ganin kayan ba.

Malami, da abin da za a tambaye shi

Tambaya guda tana bayyana malami: “Malam, me kuke so ta iya kafin ƙarshen zangon nan, kuma me za mu riƙa yi a gida?” Wanda ya san aikinsa zai ba da amsa mai iyaka, daidai da shekarun yarinyar. Wanda ya yi alkawarin za ta riƙa kiɗa a taro cikin wata biyu, ko wanda ya kasa faɗin komai sai dai a bar masa, duka biyu abin dubawa ne. Iya kiɗa daban, iya koyar da yara daban, don haka a nemi izinin zama cikin darasi ɗaya ko biyu, a ga ko yana sauya aiki idan hankalin yaro ya fara tashi, ko yana sa shi rerawa da tafi, ko kuwa zama ɗaya ne tun farko har ƙarshe. Ban yarda da dukan yatsu da rula ko bulala a wannan darasi ba ko kaɗan, domin hannun da ke jiran duka sanƙarewa yake yi, kiɗa kuwa sakakken hannu yake so.

Akwai abin da ya fi ci gaban kiɗan muhimmanci. Darasi na mutum ɗaya da yaro ɗaya a yi shi a falo ko a wurin da ake gani, ƙofa a buɗe, da babba a kusa, ko malamin namiji ne ko mace, ko ɗan'uwa ne ko baƙo, kuma malamin kirki ba zai ji haushin wannan sharaɗi ba. Sai kunne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan na'urorin sauraro ta sa iyakar babba a desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na sa'a 40 a mako, ta yaro kuma desibel 75, ƙarar lasifikar biki ko ganguna a rufaffen ɗaki kuwa ta zarce haka sosai. Kada a tsayar da yara a bakin lasifika lokacin gwaji, a rage ƙarar abin sawa a kunne, kuma idan yaro ya dawo yana cewa kunnensa na ƙara, a ɗauki maganar da gaske.

Game da jarrabawa, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, MUSON, da aka kafa a Legas a 1983 da hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Landan suna shirya jarrabawar kiɗa mataki-mataki, ta ABRSM daga na 1 zuwa na 8. Ƙaramin yaro yakan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu yana koyo kafin ya isa matakin farko, kuma ba dole ba ce sai ga wanda yake son takardar shaida ko yake tunanin karanta fannin nan gaba. Wasan bikin ƙarshen zango ma ba ma'auni ba ne, domin ana iya haddatar da yaro waƙa ɗaya wata biyu saboda ranar, a tafa masa, alhali bai iya komai bayanta ba. Ku je ku tafa masa, amma ku auna da littafin malami da abin da kuka adana a waya.

Idan ya ce ba ya so

Kusan kowane mai koyo yakan faɗi haka wata rana, don haka a fara binciken dalili. Yaron da ke ƙin bita amma yana dawowa daga darasi da fara'a, gajiya ce ko wurin da ya tsaya ne ya yi masa tsauri, sai a gaya wa malami ya sassauta, ya ba shi waƙar da yake so, ko a sauya lokacin bitar. Wanda ke kuka ko ciwon ciki duk ranar darasi kuwa, a zauna da shi cikin natsuwa a tambaye shi abin da ke faruwa a ɗakin, kada a mayar da shi sai an gane. Idan bayan wata shida na zuwa ba fashi yaro bai iya bin bugu da tafi ba, ga shi yana yawan cewa a maimaita masa magana ko yana ƙure ƙarar talabijin, a kai shi asibiti a duba jinsa, musamman in ya sha fama da ciwon kunne yana ƙarami.

In an bincika ba a sami komai ba sai dai ransa bai kwanta da kayan ba, a yi yarjejeniya da shi cewa zai kammala zangon da aka biya, sannan a sake zama. Wani da aka sauya masa daga piyano zuwa ganga, ko daga zaman shi kaɗai zuwa cikin ƙungiyar tsararsa, sai ya farfaɗo, domin yara da yawa kiɗan taro suke so. Wani kuma hutun zango ɗaya ko biyu yake buƙata, musamman wanda aka fara da shi tun bai kai ba. Idan an yanke shawarar dakatawa, a sanar da malami kafin wata ya ƙare, a biya shi haƙƙinsa, a roƙe shi ya rubuta inda yaron ya tsaya saboda wanda zai karɓe shi nan gaba. Kayan kiɗan kuma kada a yi saurin sayarwa ko a kulle a ɗakin ajiya, a bar shi inda hannun yaro zai kai, a ci gaba da ba shi amshi a gida, sannan a sake tambayarsa a farkon sabuwar shekarar karatu.